Kafin Jikana Ya Fara Rarrafe a Kan Kafet

Gusau

Zuwa ga ɗiyata Rabi'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Tsafe lafiya, ke da jaririnki, Ya sa kin iske mai gidanki da iyayensa cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ku a hanya, Ya tsare ku a gida, Ya raya yaron nan cikin imani.

Za ki ga takardar a cikin kwalin injin zuƙe ƙura da na sa a kayanki. Tun da kika zo wankan jego nake son in zaunar da ke mu yi wannan magana, amma kullum ɗaki cike yake da 'yan barka. Ko da babu kowa ma, na san idan na fara da baki ba zan kai ƙarshe ba. Ki karanta a natse, lokacin da yaron ya yi barci.

Ranar da muka kai ki ɗakinki na ga kafet ɗin da mai gidanki ya shimfiɗa daga bango zuwa bango. Ruwan ƙasa, mai kauri, mai zane na tudu da kwari, wani wurin gashi a tsaye, wani wurin zare a lanƙwashe kamar ƙananan zobba. Gwaggonninki suna ta shafa shi da tafin ƙafa suna yabawa. Ni na fita tsakar gida na ce zafi nake ji. Ba zafi ba ne. Irinsa na yi zama da shi a Bungudu, a ɗakin da muka rasa yayanki.

Lokacin Babanki, Allah Ya jiƙansa, yana malamin gona a can. An ba mu gida kusa da inda ake casar hatsi, ga hanyar ƙasa a bakin ƙofa. Simintin ɗakin duk ya fashe, har tururuwa na fitowa ta tsagar. Na yi ta damun Babanki har ya zo Gusau ya sayo mana kafet. Ranar da aka shimfiɗa shi ban bar kowa ya shiga ba sai ya wanke ƙafa. A unguwar nan ni kaɗai ke da irinsa, kuma ba zan ɓoye miki ba, hakan ya yi min daɗi ƙwarai.

Da tsintsiya nake share shi, kamar yadda na tashi na ga ana share tabarma da daɓe. Kowace safiya in rufe ƙofa don kada kajin maƙwabta su shigo, in duƙa in yi ta karta. Idan rana ta leƙo ta taga sai ki ga ɗakin ya yi fari, abu na yawo a iska. Yayanki yana nan kwance rubda ciki a kan kafet ɗin, yana aikin makaranta, fuskarsa dab da gashin. In ce masa ya matsa, ya matsa gefe, in share wurin, ya dawo. A zatona ina tsafta. Tsintsiya ba ta kai wa kwarin irin wannan kafet, saman tudun kawai take shafa. Abin da ta taso rabi ya shige hancin wanda ke ɗakin, rabi ya koma ya kwanta inda ya fito. Kada ki sa masa tsintsiya, Rabi. Kada ki share ɗaki, da kowane irin abu, ƙofa da taga a rufe, kuma yaro yana ciki.

Da na ga ƙurar ta yi yawa sai na koma yayyafa ruwa kafin shara, yadda muke yi a tsakar gida. Ƙura ta kwanta, na ji daɗi. Ban yi tunanin inda ruwan yake zuwa ba. Tsakar gida rana na busar da ita, ƙarƙashin kafet kuwa babu abin da ke kaiwa. Da damina ta yi nisa ɗakin ya soma wani wari kamar na tsumman da aka manta a bokiti. Maimakon in nemi tushen warin, sai na ƙara garwashi a kasko. Safe turaren wuta, yamma turaren wuta, har labule ya kama. Matan unguwa suna cewa ɗakina ya fi na kowa ƙamshi. Yayanki kuwa idan ya shigo sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi tari kafin ya ƙaraso.

Ruwa da kafet ba sa zama tare. Yaro zai yi fitsari, zai yi tumbuɗin nono, shayi zai zube, wannan babu makawa. Ki ɗauko busasshen tsumma ki danna a wurin ya tsotse, ki sauya wani ki sake dannawa. Kada ki goga, guga na tura shi ciki. Ki ɗaga gefen ki sa wani abu a ƙarƙashi iska ta ratsa, ki bar shi sai ya bushe ƙarau. Kada ki ɗora injin a kan wuri mai danshi, zai zuƙi laimar ya riƙe a cikinsa, daga nan duk inda kika kai shi wari zai raba. Idan kuma kika ji ɗakinki ya sauya wari, ki kashe kasko ki bi warin da hancinki har ki gano inda yake fitowa.

Tarin yayanki ya ƙi tafiya. Aka ce sanyi ne, muka ba shi zuma da citta. Aka ce haƙarƙari ne, muka kai shi aka shafa masa magani. Ranar da ƙirjinsa ya fara ƙara kamar ana busa usur, Babanki ya ce mu tafi asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace mai tabarau, ta saurari bayansa ta daɗe, ta ce asma ce. Ta ba mu abin shaƙa, ta nuna masa yadda zai danna ya ja. Sannan ta juyo gare ni.

"Mi kuke da shi a ƙasan ɗakin da yake kwana?"

Na ce kafet.

"Mai gashi?"

Na ce eh.

"Ku naɗe shi. Turare ma ku bari. Wanga yaro ƙirjinsa ba ya ɗauka."

A hanyar komawa Babanki ya ce, "To kin ji. Gobe in na dawo aiki sai mu ɗauke shi."

Na ce, "Mu ɗauke shi mu zauna a kan wane siminti? Danginka su zo su ga ɗakina kamar turken awaki?"

Ya ce, "Ai lafiyar yaron ake magana."

Na ce, "Ba kafet ne ciwon ba, ƙurar ce. A gidajen manya a Gusau ai akwai injin da ke zuƙe ta. Ka nemo mana shi, shi ke nan."

Kin san Babanki ba ya son jan magana. Bayan albashi ya shigo da inji na hannu, wanda wani ya gaji da shi ya sayar. Na ce a raina an gama. Turaren na rage, ban daina ba. Ki lura da wannan, ɗiyata. An gaya min gaskiya gaba ɗayanta, na nemo hanyar da zan bi rabinta in riƙe abin da nake so. Idan mai duba lafiyar ɗanki ya ce a cire abu, a cire shi a ranar. Masu zuwa kallon ɗaki za su tashi su koma gidajensu, ke za a bari da yaron.

Injin ma ban iya shi ba, kuma ban tambayi kowa ba, don kada a ce malamar makaranta guda ba ta san yadda ake tura inji ba. Gudu nake yi da shi, tsoron kada a ɗauke wuta. In tura can, in ja nan, kafin shayi ya huce na gama ɗaki. Ido ya ga saman ya yi kyau. Sai daga baya, a gidan wata da nake koyar da 'ya'yanta a nan Gusau, na ga yadda ake yi, lokacin sanin ba shi da sauran amfani a wurina. Ke zai yi miki.

Kafin ki kunna, ki zagaya ɗakin ki tsince abin da hannu zai iya ɗauka: allura, fil ɗin ɗankwali, ƙwallon dabino, dutsen ado da ya faɗo daga leshi. Irin wannan kafet yana haɗiye su, ba ya mayarwa sai a gwiwar mai rarrafe. Sannan ki tura injin a hankali, kamar mai tafiya da tsohuwa. Ki ja shi baya a kan sawun da kika bi, a hankali fiye da turawar, domin a jan ne gashin ke buɗewa. Sawu na gaba ya hau kan gefen na baya, kada ki bar rata. In kin gama daga gabas zuwa yamma, ki juya ki sake bi daga kudu zuwa arewa. Ƙurar da ta maƙale a gindin tudu ba ta fita ta fuska ɗaya. Idan aka ɗauke wuta kina tsakiya, ba komai, ki bar sauran sai ta dawo. Rabin ɗakin da aka yi da kyau ya fi dukansa a gurguje. Idan wutar ta zo da rauni har fanka na juyawa da ƙyar, kada ki kunna, injin zai yi ta kuka ba ya jan komai, ƙarshe ya ƙone.

A bakin injin akwai buroshi mai juyawa. Inda gashin yake a tsaye yana taimakawa. Inda zaren yake zobba-zobba ki kashe shi, akwai ɗan madanni a saman bakin, ki bar iska kaɗai ta yi aiki. Ni ban kashe nawa ba, ya riƙa cafkar zare yana fizgowa. Idan na ga zare ya miƙe sai in sa hannu in ja, layi guda ya warware. Almakashi ake sawa a datse shi daidai da 'yan'uwansa. Gindin bango, bayan ƙofa da ƙarƙashin gado kuwa, babban bakin ba ya kaiwa. Ki cire shi ki sa siririn bakin a kan tiyon injin. Ki ja kujeru ki bi inda ƙafafunsu suka zauna. Nan ne yaro ke zuwa ya tura hannu ya kai baki.

Abin da ya fi komai muni, ban san cikin injin ba. Akwai jakar da ƙura ke taruwa, bayanta akwai soso mai tace iskar da ke fita. Injin da aka kawo min ya zo da jakarsa da ƙurar gidan wani a ciki, ni kuma na ɗora tawa a kai. Sai in ta ƙi ja gaba ɗaya nake buɗewa in zazzage, a cikin ɗakin ma, a kan tsohuwar jarida. Soson kuwa ban taɓa sanin ana cire shi ba. Injin ya koma yana ɗibar ƙura daga ƙasa yana feso mai laushin ta bayansa, daidai tsayin hancin wanda ke kwance a kujera. Ki zubar da ƙurar tun jakar ba ta cika ba. Ki fita da ita bayan gida, ki juya wa iska baya, ki ɗaure a leda. Ki wanke soson, ki shanya a rana, kada ki mayar sai ya bushe har cikinsa. Idan kin kunna kika ji warin ƙura, kashe, wani abu ya toshe ko ya yage.

Akwai wata magana da ba ta inji ba ce. Yayanki ɗan fari ne. Yadda aka tarbiyyantar da mu, ba a kiran sunan ɗan fari, ba a jan sa a jiki a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Na riƙe wannan kunya da ƙarfi, har ana yaba min. Wata rana ina da baƙi ya zo ya tsaya a gefena ya ce a hankali, "Inna, ƙirjina ya matse." Ban ko dube shi ba. Na ce, "Je ka gaya wa Babanku." Matan suka yi murmushi, wata ta ce, "Kai, Malama akwai kunya." Ya fita. Daga ranar ya rage gaya min. In abin ya taso masa sai ya je ya ɗauki abin shaƙarsa da kansa, ya zauna a bayan ɗaki har ya lafa. Shi ya sa ban san yawan shaƙar da yake yi ba, ban kuma san maganin ya kusa ƙarewa ba. Sunansa Bashir. Kin san sunan, amma ba daga bakina ba. Jaririn da ke hannunki shi ma ɗan fari ne. Ki yi wa surukanki ladabi a komai, amma idan ya zo ga numfashin ɗanki, ki ɗauke shi a gaban kowa, ki sa kunnenki a ƙirjinsa, wanda zai yi dariya ya yi.

Ranar Asabar ce, cikin damina. Babanki ya tafi Wonaka wajen manoma tun safe. Ana suna a maƙwabta, na san matan da suka zo daga nesa za su shigo ɗakina su yi sallah. Bashir ya kwana biyu da mura, yana kwance a doguwar kujera. Wuta ta zo bayan azahar. Na ce masa ya tashi ya fita, ya ce jikinsa ba ƙarfi. Na ce to ya ja mayafi ya rufe fuska, yanzu zan gama. Na kunna.

Injin nan yana da ƙara, idan yana aiki ko sallama ba a ji. Na juya masa baya ina bin wajen ƙofa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Ke ce kika ja min zane. Kina ƙarama, ban sani ba ko kina tunawa. Na ga bakinki na motsi, na ce ki sake ni ina aiki. Kika sake ja. Da na kashe sai na ji kina cewa, "Inna, Yaya ba ya magana."

Ya zamo daga kujera yana zaune a ƙasa, ya dafa gwiwoyinsa, wuyansa na shiga yana fita. Leɓensa ya sauya launi. Abin shaƙar yana hannunsa, yana dannawa, babu abin da ke fitowa. Ya dube ni. Ya daɗe yana kirana, ƙarar ta hana ni ji.

Na ɗauke shi na fita ba mayafi. Wani maƙwabcinmu mai motar ɗaukar hatsi ya bar taron suna ya ɗauke mu. A asibitin garin aka ce ba su da iskar da za a sa masa, mu wuce Gusau. Ina riƙe da shi a gaban mota, kansa a kafaɗata, ina jin usur ɗin nan a kunnena. Muna hango gidajen farko na Gusau na daina ji. Na ce wa direban, "Alhaji, ya samu sauƙi, ya yi barci." Ya rage gudu, ya gangara gefen hanya, ya tsaya.

Saboda ƙarar nan nake roƙonki, kada ki kunna injin sai kin miƙa yaron ga wanda kika yarda da shi, a wani ɗakin ko a tsakar gida. Kada ki goya shi kina yi, kada ki kwantar da shi a gado ki ce ai idonki na kansa. Lokaci zuwa lokaci ki kashe ki saurara. In kin gama ki bar tagogi a buɗe, ɗakin ya sha iska sosai kafin ki dawo da shi.

Washegari, da za a shimfiɗa tabarmi don masu ta'aziyya, Babanki ya kira maza biyu suka naɗe kafet ɗin. Ina zaune a gefe ina gani. Bayansa ya yi baƙi da funfuna, wani wurin ya manne da siminti sai da aka ɓamɓare. Ƙarƙashinsa ƙura ce mai laushi kamar garin tuwo, ta cike duk tsagar simintin, da ƙaiƙayi, da matattun kyankyasai. A kan wannan muke sallah, a kansa yaron ke kwanciya. Ɗaya daga cikin mazan ya rufe hanci da hularsa. Babanki ya dubi wurin, ya dube ni, ya ce a kawo tsintsiya da ruwa. Daga ranar har ya koma ga Allah bai taɓa ɗaga min maganar ba. Da ya yi min faɗa sau ɗaya, wataƙila da abin ya fi min sauƙi.

Duk ƙwarewarki da inji, ba ya jan abin da ya riga ya ratsa ƙasa. Kafin damina ta sauka da bayan ta ɗauke, ki sa a fitar da kujeru a naɗe kafet ɗin a kai shi rana, a share ƙarƙashin a goge, a bar shi ya bushe. Ki duba bayansa da idonki. In kin ga baƙi-baƙi, ya gama aiki, kada ki mayar.

Malamai sun yi min nasiha, na kuma karɓa. Ajali ne, kwanansa ne suka ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Ba na cewa kafet ya kashe min ɗa. Amma na san abin da aka gaya min a asibiti, na san abin da na yi da maganar. Duka biyun nake ɗauke da su, ɗaya bai sauke min ɗaya ba.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne, ciwon nan yana bin jini. Kakanki na wajen uba da shi ya yi fama, ke ma kina ƙarama kin yi tarin damina. Kuma mu a lokacin hanya lafiya take, duk sa'ar da muka so mu tashi. Ke kina Tsafe. Kin san yadda hanyar nan ta zama, la'asar na yi direbobi ba sa son fita, wata rana ma da safe a ce an tare. Waya ma kin ga an taɓa katse ta aka bar mutane ba mai jin wani. Ba ki da tabbacin za ki iso Gusau a lokacin da kike buƙata. Don haka aikinki a gida yake, tun abu bai taso ba. Idan aka taɓa rubuta wa yaron magani, a samu biyu, ɗaya a rufe a ajiye, ki riƙa dubawa da kanki.

Mai gidanki mutumin kirki ne, kuma na san kafet ɗin ya ci masa kuɗi. Ban ce ki tayar da rigima ba. Ki kula da shi yadda na faɗa miki, mai yiwuwa yaron ya tashi garau ba abin da zai same shi, haka nake roƙo. Amma ranar da kika ji tari ya wuce na mura, ko kika ji ƙara a ƙirjinsa, ki samu mai gidanki ki yi masa magana da ladabi, kuma kada rana ta faɗi kafet ɗin yana ɗakin. In ya yi nauyin yarda, ki ba shi wannan takarda ya karanta. Ba na jin kunyar surukina ya san abin da ke ciki.

Kin sha yi min ƙorafi tun kina budurwa, ki ce ɗakina siminti tsirara da tabarma ɗaya kamar na wadda ba ta da kowa, ƙawayenki ma kunyar shigo da su kike yi. Har ledar ɗaki kika taɓa sayo min da kuɗinki, na ba maƙwabta, kika yi fushi kika ƙi cin abinci. Ban ba ki amsa ba a lokacin. Idan jikana ya fara rarrafe kuma hanya ta yi kyau, ki kawo min shi. A nan zan iya sauke shi ƙasa in juya baya.

Allah Ya tsare ki da ɗanki da mijinki daga sharrin hanya da na daji, da ciwon da ke zuwa ba sallama. Allah Ya ba yaron nan numfashi mai sauƙi, Ya sa shi ne zai binne mu. Allah Ya jiƙan Babanki da yayanki, Ya haɗa mu da su a gidan da babu ciwo. Ki gaida surukanki da kyau.

Wassalamu alaikum.

Innarki